Tambayoyi da amsoshi kan manyan jiragen ruwan dakon mai da aka taɓa ƙerawa a duniya

Mu nan Kano in aka ce tanka, abin da ke faɗo wa mutum a rai ita ce wadda ke layi a depo ɗin Hotoro ko wadda ta tare hanya ta haɗa goslo. To akwai tankar ruwa, wato jirgin da ke kwasar ɗanyen mai daga ƙasashen da ake haƙo shi zuwa inda matatu suke, kuma akwai lokacin da aka yi ta gasar ƙera su da girman da ya wuce hankali, har girman ya zame musu matsala. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Wane jirgi ne ya fi kowanne girma a tarihi?

Seawise Giant. Kamfanin Sumitomo ne ya ƙera shi a Japan, aka gama a 1979. Tsawonsa mita 458 da ɗoriya, faɗinsa wajen mita 69, kuma yana ɗaukar kaya tan 564,763. In an cika shi taf, mita 24.6 na jikinsa a cikin ruwa suke, abin da kake gani a sama kaɗan ne. Har yau ba a sake ƙera jirgi mai tafiya da injinsa da ya kai shi tsawo ba.

Abin dariyar shi ne ba haka aka fara yinsa ba. Wani ɗan kasuwa ne daga Girka ya ba da oda a 1974, da aka gama ya ƙi karɓa, jirgi ya zauna a hannun kamfani ko sunan kirki babu, sai sunan wurin da aka ƙera shi suka liƙa masa, Oppama. Daga baya wani attajirin Hong Kong mai suna C.Y. Tung ya saye shi, maimakon ya ce to girman nan ya isa, sai ya sa aka yanka shi biyu aka ƙara masa wani ɓangare a tsakiya aka sake walde shi. Da wannan ƙarin ne ya zama na ɗaya a duniya.

Tan dubu ɗari biyar ɗin nan ba mu gane ba, nawa ke nan a lissafin da muka sani?

Ganga miliyan 4 da 'yan kai yake ci. Ganga ɗaya lita 159 ce, ka ga ya haura lita miliyan 650 ke nan. Tankar mota irin wadda muka saba gani mai lita 33,000, sai ka kawo kusan guda 20,000 kafin su kwashe abin da ke cikinsa, in ka jera su baki da wutsiya daga Hotoro ka bi titin Zariya, layin zai wuce Kaduna bai ƙare ba. Najeriya gaba ɗayanta a 'yan shekarun nan wajen ganga miliyan ɗaya da rabi take haƙowa a rana, wato sai an tara na kusan kwana 3 kafin a cika shi. Amma fa duniya tana shan kusan ganga miliyan 100 kullum, don haka duk wannan lodin na kamar awa ɗaya ne.

To dama tun farko haka ake yin su manya?

Ina! Da farko ma a ganguna da gwangwanaye ake zuba mai a loda wa jirgin kaya na yau da kullum. Iyalan Nobel da ke haƙar mai a Baku ta Azarbaijan su ne suka fara da wani jirgi mai suna Zoroaster a 1878 a tekun Kasfiya, sai Glückauf a 1886 da aka ƙera a Ingila wanda shi ake ɗauka kakan tankokin yanzu tunda jikin jirgin ne kansa tankin, kuma bai kai tan 3,000 ba. A 1892 Murex ya zama tankar farko da aka bari ta ratsa mashigin Suez, kananzir ya ɗauka zuwa gabashin Asiya. Lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta buga wasu da ake kira T2 kusan guda 500, kowanne wajen tan 16,000, kuma a lokacin ana ganinsu manya.

Daga nan ne abin ya fara gudu. Jirgin Tina Onassis a 1953 tan 45,000. Universe Apollo a ƙarshen shekarun 1950 ya haura 100,000. Idemitsu Maru a 1966 ya haura 200,000. Universe Ireland a 1968 ya kai 326,000. Globtik Tokyo a 1973 ya kai wajen 483,000. Ka duba fa, cikin shekara 20 girman ya ninka sau 10.

Me ya jawo wannan gasar?

Abu biyu ne suka haɗu, siyasa da lissafin riba, kuma a ganina siyasar ce ta buɗe ƙofa.

Man Saudiyya da Kuwait da Iran da ke zuwa Turai ta Suez yake bi, shi kuwa mashigin yana da iyakar zurfi, don haka duk mai ƙera jirgi dole ya tsaya a girman da zai iya ratsawa. A 1956 Gamal Abdel Nasser ya karɓe mashigin ya mai da shi na Masar, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai hari, aka rufe hanya wata da watanni. Wannan ya fara tsorata kamfanonin mai. Sai kuma yaƙin kwana shida na 1967, aka sake rufewa, wannan karon ba a buɗe ba sai watan Yunin 1975, shekara 8 cur. Kowane jirgi dole ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu ya hauro ta gabar yammacin Afirka, hanya ta kusa ninkawa. To tunda ba za ka bi Suez ba ko ta halin ƙaƙa, me zai sa ka takura kanka da girman Suez? Sai kowa ya saki jiki.

Lissafin ribar kuma mai sauƙi ne, duk ɗan Singa ko ɗan Kwari ya san sari da yawa ya fi sauƙin kuɗin dako. In ka ninka abin da jirgi ke ɗauka, ƙarfen da za a kashe ba ya ninkawa, man da inji ke sha ba ya ninkawa, ma'aikata kuwa kusan adadinsu ɗaya ne. Kuɗin dakon kowace ganga sai ya yi ta sauka. A wancan lokacin kuma mai yana arha, ganga ba ta wuce dala 3 ba, Japan da Turai suna ta buɗe masana'antu, buƙata na hawa duk shekara, kowa ya ɗauka haka za a yi ta tafiya har abada. Har zanen jirgi mai tan miliyan ɗaya aka yi ta yi a takarda.

Su waye masu kuɗin da suka shiga harkar?

Girkawa biyu da ba sa ga maciji da juna, Aristotle Onassis da Stavros Niarchos, sai Ba'amurke Daniel Ludwig mai jiragen da sunansu ke farawa da Universe, sai 'yan Norway, sai attajiran Hong Kong irin su Tung da Y.K. Pao, sannan kamfanonin man su kansu, Shell da Esso da sauransu. Ƙerawa kuwa Japan ce ta mamaye. Ludwig ya karɓi hayar tsohon wurin ƙera jiragen yaƙi na Kure bayan yaƙi, a can aka goge wajen haɗa jirgi gunduwa-gunduwa a walde, abin da ya sa suka fi Turawa sauri da arha.

Wai da gaske an taɓa jefa wa Seawise Giant bam?

Ƙwarai kuwa. Lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, daga 1984 kowanne ya koma kai wa jiragen man ɗan'uwansa hari don ya karya masa tattalin arziki. Iraƙi ta matsa wa tashar Iran da ke tsibirin Kharg, sai Iran ta koma kwaso mai da ƙananan jirage tana kaiwa can kudu kusa da mashigin Hormuz tana juyewa a manyan jirage da aka ajiye a matsayin rumbu, masu saye su zo nan su ɗauka. Seawise Giant yana cikin waɗannan rumbunan, yana tsaye kusa da tsibirin Larak, ranar 14 ga Mayun 1988 jiragen yaƙin Iraƙi suka zo suka yi masa ruwan bama-bamai. Ya ci wuta sosai har aka rubuta shi a asara.

Amma bai mutu ba. Bayan yaƙi wasu 'yan Norway suka sayi gawar, aka ja shi zuwa Singafo aka gyara, aka sa masa Happy Giant. A 1991 Jørgen Jahre ya saye shi ya koma Jahre Viking, da wannan sunan ya yi shekara 13 yana aiki kuma da shi mutane da yawa suka san shi. A 2004 aka mai da shi Knock Nevis aka kafe shi a rijiyar mai ta Al Shaheen a ruwan Ƙatar, ya daina yawo ya koma ma'ajiya kawai. Sunansa na ƙarshe Mont, na tafiya ɗaya tak, wadda ba dawowa.

Shi kaɗai ne ya haura tan dubu ɗari biyar?

A'a. Faransa ta ƙera guda 4 a Saint-Nazaire tsakanin 1976 da 1979, Batillus da Bellamya na kamfanin Shell, sai Pierre Guillaumat da Prairial. Kowanne tsawon mita 414, kaya wajen tan 550,000. Har tasha ta musamman aka gina wa irinsu a Antifer kusa da Le Havre. Akwai kuma Esso Atlantic da Esso Pacific na 1977, su wajen tan 516,000.

Na Faransar nan su ne abin tausayi wallahi. An ba da odarsu lokacin kasuwa na ci, aka gama su kasuwa ta riga ta mutu. Pierre Guillaumat an gama shi 1977, an yanka shi 1983, shekara 6 kacal. Batillus ya bi a 1985, Bellamya 1986. Prairial ne kaɗai ya yi tsawon rai, ya yi ta canza hannu da suna har 2003. Alhali sauran ukun ma jirage ne da ya kamata kowanne ya yi shekara 25 yana kawo kuɗi.

Me ya kashe kasuwar tasu haka?

Oktoban 1973. Yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka rage haƙo mai suka hana Amurka da wasu ƙawayenta, farashi ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen 12 cikin 'yan watanni. Masu saye suka tsuke bakin aljihu, buƙata ta ja baya, alhali wuraren ƙera jirage cike suke da odar da aka bayar tun kafin rikicin, sababbin jirage suna ta fitowa ba kayan ɗauka. Wasu daga wurin ƙira kai tsaye aka wuce da su lungunan ruwan Norway aka ɗaure, ko lodi ɗaya ba su taɓa yi ba.

Kamar hakan bai isa ba, Suez ta buɗe a 1975 aka kuma yi ta faɗaɗa ta, aka shimfiɗa bututu a Masar daga Bahar Maliya zuwa Bahar Rum, sannan aka fara samun mai a kusa da masu saye, tekun arewacin Turai da Alaska da Meziko. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake cilla farashi sama. Doguwar tafiyar da aka ƙera su dominta ta ragu.

Sai kuma matsalar da ke jikinsu tun asali. Seawise Giant in ya yi lodi ba ya bin Suez, ba ya bin Panama, ko mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa ba ya iya ratsawa saboda zurfin da yake buƙata. Tashoshin da za su karɓe shi 'yan ƙalilan ne, sau da yawa sai ya tsaya can tsakiyar ruwa ƙananan jirage su zo su yi ta ɗiba. Kuma ba kowace matata ce ke son ganga miliyan 4 a rana ɗaya ba, ina za ta zuba, wa zai biya kuɗin a dunƙule? Arhar dakon tana nan a takarda, amma sai in jirgin cike yake kuma yana tafiya, ranar da ya zauna kuwa asara ce mai girman jikinsa.

Yaya ake tsai da abu irin wannan, yana da birki?

Ba birki. Inji ake juyawa farfela ta koma baya, a jira. Seawise Giant yana gudun wajen kilomita 30 a awa ne kawai, amma in yana cike, daga lokacin da aka ce tsaya zuwa ya tsaya cak sai ya ci kusan kilomita 9, in zai juyo kuma yana son fili wajen kilomita 3. Shi ya sa kyaftin ke fara rage gudu tun tasha ba ta ko bayyana ba, a ƙarshe ƙananan jiragen turi ne ke kama shi su saita shi.

Ma'aikata nawa ne a ciki?

Ba su wuce 40 ba. Mutane kan yi zaton ɗaruruwa ne. Ɗakunansu da inji da wurin tuƙi duk a baya suke, sauran jikin tankuna ne da bututu, shi ya sa a irin waɗannan jiragen ake ajiye keke don zuwa gaba a dawo.

Ba ya fashewa da wannan uban man?

Abin mamaki, jirgi cike bai kai wanda aka sauke wa kaya haɗari ba, don tankin da ba komai cike yake da tururin mai haɗe da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. A Disamban 1969 manyan jirage 3 suka yi bindiga cikin wata guda, Marpessa da Mactra da Kong Haakon VII, duka suna cikin wanke tanki. Marpessa sabo fil na Shell ya nutse a ruwan yammacin Afirka. Bincike ya nuna feshin ruwan wankin ne ke tara wutar lantarki a cikin wannan makeken tanki har ta ba da tartsatsi. Maganin da aka samo shi ne a riƙa tace hayaƙin tukunyar inji a cusa shi cikin tankunan ya kori iskar da wuta ke ci da ita. Yanzu doka ce.

Malalar mai a teku fa?

Nan ne sunansu ya ɓaci. Torrey Canyon ya hau dutse a gabar Ingila a 1967 da tan kusan 120,000, har sai da sojan sama suka yi ta jefa masa bam don man ya ƙone. Amoco Cadiz a 1978 sitiyari ya lalace masa a gabar Faransa, sama da tan 220,000 ya tsiyaye. Atlantic Empress ya yi karo da wani jirgin kusa da Tobago a 1979, shi ne mafi yawa, wajen tan 287,000. Amma wanda ya canza doka Exxon Valdez ne a Alaska a 1989, nasa wajen tan 37,000 ne, bai kama ƙafar waɗancan ba, sai dai a ruwan Amurka ya faru kuma an nuna wa duniya a talabijin. A 1990 Amurka ta yi dokar dole tanka ta zama mai bango biyu, in na waje ya huje na ciki ya tare, hukumar jiragen ruwa ta duniya ta bi sahu a 1992. Tsofaffin ƙattin nan duk bango ɗaya gare su, wannan dokar ce ta ƙarasa su.

Suna zuwa Najeriya?

Ƙattin ba don hanyarmu aka yi su ba, don tekun Fasha aka yi su. Man Najeriya da ke fita ta Bonny da Forcados da Escravos da Qua Iboe da Brass, da na cikin teku irin Bonga da Agbami da Egina, yawanci jirage masu ganga miliyan ɗaya ne ke ɗauka, waɗanda ake kira Suezmax, sai masu miliyan biyu in tafiyar Indiya ko Sin ce. Kuma ba a bakin kwata suke tsayawa kamar jirgin kwantena a Apapa ba, akwai wata ƙatuwar ma'ɗaura da ke yawo a kan ruwa can nesa da gaɓa, bututu ya biyo ta ƙarƙashin teku ya same ta, jirgi ya ɗaure a jiki a jona masa tiyo. Matatar Ɗangote da ke Lekki ma haka take karɓar ɗanyen mai, lodinta na farko ya iso a Disamban 2023 daga Agbami.

Yanzu wanne ne mafi girma, kuma za a sake yin irin na da?

Na ƙarshe da aka yi masu girman gaske guda 4 ne, kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ya ƙera wa Hellespont na Girka a 2002 da 2003. Tsawon mita 380, kaya wajen tan 441,000, ganga miliyan 3 da ɗoriya, bango biyu, an shafe su da farin fenti. A 2004 aka sayar da su suka koma TI Asia da TI Africa da TI Europe da TI Oceania. Biyun farko an mai da su ma'ajiya a Al Shaheen ɗin nan dai ta Ƙatar, sauran ma sun fi yin aikin ajiya a kan yawo. Tun daga su ba wanda ya sake ba da odar irinsu.

Kasuwa ta tsaya a kan wanda ake kira VLCC, tsawon wajen mita 330, tan 300,000, ganga miliyan 2. Shi yana ratsa mashigin Malaka zuwa Sin da Japan, tashoshi da yawa na karɓarsa, kuma lodinsa daidai yake da abin da matata ke iya saye. Sirius Star na Saudiyya da 'yan fashin tekun Somaliya suka kama a Nuwamban 2008 irinsa ne. Ni dai ban ga alamar za a koma tan dubu ɗari biyar ba, ba don an kasa ba, wanda zai zuba kuɗin ne babu.

In sun tsufa ina ake kai su?

Wajen 'yan gwangwan, amma na bakin teku. Alang a Indiya, Gadani a Pakistan, Chittagong a Bangaladash. Ana jiran ruwa ya cika a taho da jirgi da gudu a cusa shi cikin yashi, ruwa ya janye ya bar shi, sai ma'aikata su hau da wutar gas suna yanka tun daga gaba. Aiki ne mai cin rai, ga faɗowar ƙarfe ga tururin mai ga guba, kuɗin kuma ba wani mai yawa ba. Prairial da Esso guda biyun a Gadani suka ƙare. Seawise Giant ya isa Alang a Disamban 2009, aka shafe kusan duk 2010 ana yankansa, ƙarfen irin wannan yawanci rodin gini ake murzawa da shi. Angarsa, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ta riƙe jirgi, mai tan 36, ita ce aka ware ba a narka ba, aka kai ta Hong Kong aka ba gidan tarihin jiragen ruwa na can.